Bayan ɗinke jijiyar kafaɗa, hutu ya fi ko motsi? Abin da aka gani a jikin dabbobi

Ɗalibar Fisiyo:
Assalamu alaikum, malamaina. An koya mana cewa jijiyar tsoka, wato wadda take haɗa tsoka da ƙashi, tana yin ƙwari ne idan ana ɗora mata aiki, amma ga shi idan an ɗinke jijiyoyin nan huɗu da suka rungume gaɓar kafaɗa, sai likita ya ce a rataye hannun har mako huɗu zuwa shida. Shin gwajin da aka yi a kan dabbobi ya goyi bayan wannan hutu, ko kuwa tsoron warwarewar ɗinki ne kawai?

Likitan Ƙashi:
Wa alaikumus salam, Malama. Yawancin abin da aka sani daga ɓera aka samo shi. A 1996 Soslowsky da abokan aikinsa suka kwatanta kafaɗun dabbobi 33, suka zaɓi ɓera saboda jijiyarsa ta saman kafaɗa tana ratsawa ƙarƙashin ƙashin da ya yi wa gaɓar rumfa, kamar yadda take a jikin mutum. Akan yanke jijiyar daga kan ƙashin damtse, a huda ƙashin, a zura zare a ɗaure ta a mazauninta.

A 2003 Thomopoulos da abokansa a Jami'ar Pensilbaniya suka raba ɓerayen kashi uku: waɗanda aka ɗaure wa kafaɗa da filasta, waɗanda aka bari suna yawo a keji, da waɗanda aka sa gudu a kan inji. Masu gudun sun tara nama mai kauri a wurin ɗinkin, sai dai kaurin na tabo ne marar inganci, alhali a waɗanda aka ɗaure zaruruwan kolajin, wato sinadarin da ake gina jijiya da shi, sun fi jeruwa a tsare. Dalili shi ne, a lafiyayyar kafaɗa jijiya ba ta manne da ƙashi kai tsaye. Tana rikiɗa sannu a hankali zuwa guringuntsi, sannan guringuntsi mai tauri, sannan ƙashi. Wannan tsari ba ya dawowa bayan tiyata, tabo ne ke cike gurbin, kuma ɗanyen tabo ba ya jure fizga.

Malamin Jami'a:
Dakta ya yi bayani mai kyau, amma kada ɗalibarmu ta fahimci cewa iyakar hutu shi ne iyakar waraka. A 2009 Galatz da abokanta a Jami'ar Washintan da ke Sen Luwis suka yi wa tsokar ɓera allurar Botox, suka shanye ta yadda ba ta jan ɗinkin ko kaɗan, sai wurin ya warke da ƙarancin nama da ƙarancin ƙarfi. Ashe ko a cikin filasta tsoka tana ɗan ja, kuma wannan ɗan jan shi ne ƙwayoyin halitta suke bukata domin su san inda za su shimfiɗa zaruruwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aikin Peltz da abokan aiki, shi ma na 2009: an riƙa motsa wa ɓeraye kafaɗa da wuri domin hana ta sandarewa, sai ta ƙara sandarewa. Sandarewar da filasta ke jawowa kuwa, a ɓera mai wucewa ce.

Likitan Dabbobi:
Ni dai jan hankali zan yi. Ɓera da ƙafa huɗu yake tafiya, kafaɗarsa tana ɗauke da nauyin jikinsa, kuma lafiyayyar jijiya ake yanke masa a ɗinke nan take, ba wadda ta shekara a yage har tsokarta ta cika da kitse irin ta dattijo ba. Gwaji a kan tunkiya ya fi wuya, domin da ta farfaɗo daga allurar barci za ta miƙe tsaye a kan ƙafar, sau da yawa ɗinkin ya saki, tabo ya cike ratar, mai dubawa ya zaci an warke.

Likitan Ƙashi:
Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na ɗaukar makonnin ɓera in lissafa wa majinyaci. A gwajin da Keener da abokansa suka yi a 2014 a kan mutane masu ƙananan yagewar jijiyar kafaɗa da matsakaita, ba a sami bambancin waraka tsakanin motsi da wuri da hutun mako shida ba. Idan yagewar babba ce, Malama, ni kan jinkirta motsin.