Me za mu kira coupé da Hausa?

Da zarar wani kamfani ya ce zai fito da ƙaramar coupé, wato mota mai ƙofa biyu da rufinta ya gangara baya, masoya mota ba sa iya zama. Tun ba a faɗi farashi ba ake fara lissafi: nawa za ta kai, za a saka mata giyar hannu ko otomatik kaɗai, me za ta zo da shi, me za a ce sai ka ƙara kuɗi. Idan muka zo yin wannan hira da Hausa, tun a sunan motar muke cijewa. Muna da jif, muna da akori-kura, wagon ma ya zauna a baki. Wannan fa? Ina so mu tsayar da magana ɗaya. Da na tambayi abokan hira, kowa ya kawo tasa shawarar, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kalmar ta Faransanci ce, daga couper, wato yankewa. Tun a ƙarni na 18 ake kiran wani keken doki da ita, wanda aka cire masa kujerun da ke fuskantar baya, jikinsa ya gajarta, ya koma na mutum biyu. Da mota ta zo sai ta gaji sunan.

Malam, kai da ka ce to mu fassara kai tsaye mu ce "yankakkiya", hujjarka tana da tushe, amma kunnen Bahaushe ba zai ji abin da kake nufi ba. Yankakkiyar mota ita ce wadda ta yi hatsari aka yanke aka haɗa da walda, ko wadda ta faɗa hannun 'yan gwangwan. Ba wanda zai so a kira sabuwar motarsa haka.

Mafi yawanku "mai ƙofa biyu" kuka ce, kuma a nan zan daɗe, domin ita ce shawarar da ta fi kama hankali. Gaskiya ne coupé ta asali ƙofa biyu gare ta. Sai dai ba duk mai ƙofa biyu ce coupé ba. Tsohuwar Volkswagen Beetle ƙofa biyu ce. Akwai Jeep Wrangler mai ƙofa biyu. Akori-kura mai kujera layi ɗaya ma ƙofa biyu ce. Idan na ce maka na hango wata mai ƙofa biyu, ban gaya maka komai ba tukuna.

Ka tsaya kusa da Toyota GR86 ka duba da idonka. Ƙofar doguwa ce, gilashinta ba shi da ƙarfen da ya zagaye shi ta sama, idan ka buɗe sai ka ga gilas tsirara. Rufin yana fara sauka tun daga saitin kan direba, ya gangara har but ba tare da ya karye ba. Kana son shiga baya, sai an kwantar da kujerar gaba ka sunkuya ka kutsa, ka zauna gwiwarka na dukan kujera, ƙeyarka na neman gilashin baya. Wannan saukar rufin da matsewar bayan su ne suka mai da ita abin da take. Ƙofar ta biyo baya ne kawai, tunda babu dalilin yi wa wurin da babba ba zai zauna ba ƙofa tasa.

Su kansu kamfanonin sun dagula lissafin. A 2004 Mercedes-Benz ya fito da CLS mai ƙofa huɗu ya kira ta coupé. A 2008 BMW ya kawo X6, jif ce sukutum, ita ma aka liƙa mata sunan saboda bayanta ya gangara. Yau BMW na sayar da 2 Series Coupé mai ƙofa biyu wadda tayoyin baya ke turawa, yana kuma sayar da 2 Series Gran Coupé mai ƙofa huɗu wadda aka gina a kan tsarin da tayoyin gaba ke ja. Suna kusan ɗaya, motoci biyu daban tun daga ƙasa. Wannan abin yana damuna, domin mai saye ne ke ruɗewa, kuma sunan kuɗi yake ci.

Ga inda maganar ta haɗu da farashi. Ita coupé ƙarfenta bai fi na 'yar uwarta mai ƙofa huɗu ba, wurin zamanta ma bai kai ba, amma sau da yawa ta fi tsada. Dalili shi ne masu sayenta kaɗan ne, sai a raba kuɗin ƙera sabon jiki a kan motoci ƙalilan. Shi ya sa da yawansu suka mutu: Honda ya daina Accord mai ƙofa biyu bayan 2017, Civic ta bi ta bayan 2020, Audi TT da ta fara fitowa a 1998 ta rufe a 2023.

Ku tuna yadda aka yi da Honda Prelude. Sunan ya fara a 1978, ya ɓace a 2001, sai a Oktoba 2023 aka nuna samfurin sabuwa a baje kolin motoci na Tokyo. Shekara biyu ana hasashe. Masoya sun duba GR86 da Subaru BRZ, waɗanda a lokacin farashinsu a Amurka ke farawa a wajajen dala 30,000, ga giyar hannu, ga tayoyin baya na turawa, suka sa rai a kusa da nan. Da ta fito a 2025 sai ga ta a kan dala 42,000 a Amurka, sama da yen miliyan 6 a Japan. Injinta mai haɗa fetur da lantarki ne irin na Civic, ƙarfin doki 200, babu giyar hannu, kuma a Amurka aji ɗaya tak aka fitar. An ba ta birkin Brembo da kayan ƙafa daga Civic Type R, wato Civic ɗin da aka ƙera don gudu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka ina ganin waɗanda suka ji zafi suna da gaskiya, domin wanda ke mafarkin ƙaramar coupé yawanci matashi ne da ke son wadda zai iya biya, ko da babu kujerar fata.

Hajiya, "gangariya" da kika kawo ta burge ni ƙwarai, saboda gangaren da ke cikinta. Matsalar ita ce kalmar tana da aikinta tun tuni. Duk dillalin da ke tallar mota gangariya yake ce mata, ko tifa ce.

Ni ga abin da nake gani. Mu ari kalmar mu ce "kufe", kamar yadda muka yi da jif. Harafin p yana komawa f a bakinmu ba tare da wahala ba, ga fetur, ga fenti, ga fasinja. Amurkawa sukan haɗiye wasalin ƙarshe, mu kuwa mu bi lafazin Faransanci, tunda Hausa ta fi son kalma ta ƙare da wasali, kuma 'yan uwanmu na Nijar haka za su fi gane ta. Mace ce kamar mota: kufe ce, kufen nan, motocin kufe. Mu keɓe ta ga mai ƙofa biyu da rufinta ya sauka kaɗai. Su CLS da X6 kuwa mu ce musu "mai gangaren baya", salun mai gangaren baya, jif mai gangaren baya, kowa ya san abin da ake sayar masa.

Yaya, na ga tsoronka cewa za a ji kamar "kufai". Ƙarshensu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ake hirar inji da taya da shi ba zai kawo tsohon mazauni a ransa ba.

Saura kayan da ake ƙarawa. "Ful ofshin" ya riga ya shiga baki, ba na faɗa da shi, amma a rubutu "kayan ƙari" ya fi fayyace abin: rufi mai buɗewa, manyan wili, fenti na musamman, duk abin da ba ya cikin "farashin farawa". Matakan da kamfani ke jera mota ɗaya a kai kuma "aji" ya wadatar. Ku gwada a baki ku ji: "Sabuwar ƙaramar kufen nan aji biyu za a yi mata, ina fata a bar giyar hannu a ƙaramin ajin, kada a mai da ita kayan ƙari." Wanda harshensa ya sarƙe a wani wuri ya nuna mini wurin.