Me za mu kira "kernel headers" da Hausa?

Mai tambaya: Malamai, ana shirya bayanin girka direban NVIDIA (manhajar da ke sa katin hoto ya yi aiki) a Linux da Hausa, an cije a wuri guda. Manhajar girkawa takan tsaya ta ce ba ta ga "kernel source tree" ba. In ce "tushen ƙwaya"?

Malamin kwamfuta: Ƙwaya kuma? A ce ana neman tushen ƙwaya ai sai a kira hukuma. Bar shi kanel, shi ne zuciyar Linux da ke sarrafa kayan kwamfutar. Amma "tushe" ɗin ne ya fi damuna, don shi ke ɓatar da mutane. Mutum na ganin saƙon sai ya garzaya kernel.org ya sauke tushen gaba ɗaya, alhali ba shi ake nema ba. Ɗanyen tushe ba shi da fayilolin da ake samarwa wurin harhaɗa kanel: ba shi da .config na kanel ɗin da ke aiki, ba shi da include/generated/autoconf.h, ba shi da Module.symvers. Harhaɗa direban zai faɗi dai. Ko an yi make modules_prepare, ba ya samar da Module.symvers.

Mai gyara: Gaskiyar Malam. Abin da manhajar ke bi shi ne /lib/modules/$(uname -r)/build, mahaɗar da ke kai ta ga "kernel headers". Duba da ls -l: in mahaɗar na nuna babban fayil ɗin da babu shi, an gano ciwon. Maganin shi ne a girka kunshinsu. A Ubuntu da Debian: sudo apt install linux-headers-$(uname -r) build-essential dkms. A Fedora sunansa kernel-devel, a Arch linux-headers. A kula, Debian ta raba su biyu, na -common da na -amd64. Wanda ya kwafo ɗaya da hannu, rabi ya samu. Ni "kawunan kanel" zan ce.

Malamin kwamfuta: Kawuna ya yi kama da na mahauta. Me zai hana "kanu", kamar kanun labarai? Fayilolin .h ɗin nan, wato headers ɗin, galibi sunayen ayyuka da tsarinsu suke faɗa, ba cikin aikin ba. Wurin harhaɗa direba kanun ake karantawa a san inda zai maƙale.

Mai gyara: Sai dai kunshin ba .h kaɗai ba ne, Malam, akwai Makefile da scripts a ciki.

Malamin kwamfuta: Turancin ma bai rufe su ba, kuma an zauna lafiya.

Mai tambaya: To in an sa kanun kuma ya ƙi?

Mai gyara: Yawanci lamba ce ba ta zo ɗaya ba. An sabunta kanel ba a sake kunna kwamfuta ba, kanun sabo ne, mai aikin tsoho. Kwatanta lambar kanel mai aiki, wadda uname -r ke nunawa, da abin da ke /usr/src, harafi da harafi. Sannan karanta /var/log/nvidia-installer.log, kuskuren farko za ka nema, ba na ƙarshe ba. Wani lokacin gcc, manhajar harhaɗawa, shi ne ya saɓa da wanda aka harhaɗa kanel da shi. Umarnin cat /proc/version zai nuna maka.

Mai tambaya: Na gode, Malamai. Na rubuta "kanun kanel" ga wanda ake girkawa, "tushen kanel" ga na kernel.org. Direba kuwa yana nan direbansa.