Neman kalma: me za mu kira farin abin nan da ake shafa wa rufi?

Salamu alaikum jama'a. Yau kalma nake nema, kuma na fi son jin ta bakin magina da masu fenti kafin malaman jami'a su iso.

Akwai wani farin abu mai kauri da ake shafa wa rufin dekin ko na kwano don rage zafi. Masu sayarwa na ce masa akirilik, Turawa kuma na kiran rufin da aka yi wa shi "cool roof". Da ruwa aka haɗa shi, in ya bushe sai ya zama fata mai miƙewa kamar roba. Yana sabo, yakan mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana sama. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce rufi na gama-gari yakan kai digiri 65 a ma'aunin salshiyos da tsakar rana, wanda aka farantar kuwa yana iya kasa shi zafi da digiri 28.

Ga abin da ya sa sunan ya dame ni. Bara cikin Afrilu yayana ya sayo shi don shagonsa, ya miƙa wa mai aiki ya ce, "Ga fentin sanyi nan." Mai aiki ya ji "fenti", sai ya yi masa abin da ake yi wa fenti: ya sirka da ruwa don ya yi auki, ya bi da rola hannu ɗaya, har bokiti guda ya ragu, yana murna ya yi wa Alhaji tattali. Bayan ruwa uku na hau da kaina. Daf da indararo, inda ruwa ke kwana, abin ya yi bororo, in ka sa farce sai ya saluɓe kamar fatar dafaffen tumatir.

Da na fara tambayar mutane, wani ɗalibi ya ce a bar shi a "fentin sanyi" tunda bakin mutane ya riga ya kama.

Ƙanena, ai sunan ne ya ci kuɗin yayana. Fenti ado ne, da ya rufe launin bango an gama. Wannan kuwa kaurinsa ne aikinsa. Ana so bayan ya bushe ya kai wajen rabin milimita, kuma tunda kusan rabin abin da ke bokitin ruwa ne mai tashi, kowace murabba'in mita za ta sha kamar lita guda. Hannu biyu ake yi, na biyun ya gitta na farko, bayan an wanke rufin tas, an cike tsaga, an ɗora ƙyallen ƙarfafawa a mahaɗa. Sannan "sanyi" alkawarin ƙarya ne. Ba firji ba ne, zafin da zai shigo kawai yake ragewa.

Wata malama mai aikin fassara ta kawo "shafe mai ƙyalli", ta ce daga madubi ta ɗauko tunanin.

Malama, rabin maganarki na karɓa. Ƙyallin ne ban yarda da shi ba. Sabon kwano yana ƙyalli har ya kashe ido, amma ɗora tafin hannunki a kai da azahar ki ji. Tsuran ƙarfe yana mayar da haske, sai dai ɗan zafin da ya sha ba ya sakinsa da wuri. Farin shafen nan ba ya wani sheƙi, amma yana aiki biyu: ya mayar da rana, ya kuma fitar da zafin da ya riƙe. In muka sa ƙyalli a suna, gobe wani zai sayo fentin azurfa ya ce shi ne.

Sai wani dattijo magini daga Zariya ya turo saƙon murya ta wayar jikansa. Ya ce, "Yaro, me kuke wahalar nema? Ai laso ne na Bature." Ya tuna mana yadda ake haɗa laso da katsi na marina, da gashin jima, da dafara, a shafe kan soro da shi kafin damina, da kuma makuba ta ɓawon ɗorawa.

Baba, Allah ya ƙara girma, wallahi kalmar ta burge ni, na kwana ina juya "farin laso" a bakina. Tamu ce, gajera, kuma duk wanda ya ji ta ya san abu ne mai jiki wanda ake sabuntawa. Abin da ya sa na ja baya shi ne, laso don ruwa aka yi shi, akirilik kuwa kwantaccen ruwa ne lagonsa. Ruwan da ya zubo ya wuce ba ya masa komai, wanda ya kwana biyu a wuri ɗaya shi ke jiƙa shi ya ɗaga. Mai yoyon ɗaki in ya ji "laso" zai saya ya shafe ramin da ruwa ke taruwa, ya koma ya kwanta da murna. Amma a cikin maganarka na tsinci abin da nake nema, domin sau uku ka ce "a shafe". Kai da Malama kun haɗu a nan. Shafe ya zauna, fenti ya tafi.

Saura abin da zai bi bayansa. Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya ce "maida-rana". A ma'ana babu wadda ta kai ta daidai. A kunne ne matsalar: faɗe ta da sauri a kasuwa, za a ji "mai da rana", a tambaye ka man gyaɗa ko na ja. Shi ya sa na karkata ga "kore-rana", a ƙirar da Hausa ta saba da ita, irin su hana-salla, dafa-duka, ƙare-dangi. Shafen kore-rana, ko a taƙaice kore-rana.

Wani daɗin kalmar, aiki take faɗa, ba sinadari ba. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 da ya hallaka mutane da yawa, hukumar birni ta fito da tsarin tunkarar zafi a 2013, a 2017 kuma aka shiga faranta rufin gidajen talakawa, har da farar ƙasa aka yi amfani. Wannan ma kore-rana ne, sai dai ruwa na wanke shi. Akirilik kuma mu bar shi a matsayin aro kamar yadda muka bar siminti, don a iya rarrabewa: kore-rana na akirilik, da na silikon, wanda ke jure kwantaccen ruwa amma ya fi tsada kuma ƙura ta fi kama shi. Mu da hunturu ke baɗe wa rufi da ja, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kowanne ka saya, in ba ka hawa ka wanke, farinsa zai dushe, aikinsa ya ragu.

Rufin da ba shi da gangare sosai fa? A ƙa'idar da aka fi bi a wannan harka a Amurka, shi ne wanda tashinsa bai wuce inci 2 a cikin kowane inci 12 ba, kuma jihar Kalifoniya tun 2005 ta sa kore-rana cikin dokar gini ga irin wannan rufi na gine-ginen da ba na kwana ba. Nan ba sai an sha wuya ba: kwantaccen rufi. Babu wanda ya yi musu.

Na gwada jimlar a kan mai fentin unguwarmu: "A yi wa kwantaccen rufin nan shafen kore-rana, hannu biyu, kada a sirka." Bai tambaye ni ma'anar komai ba. Ya ce in a kan baƙar kwalta ne sai an fara sa na share fage, in ba haka ba za ta huda farin ta mai da shi ruwan ƙasa, kuma shi ba ya hawa in akwai hadari a gabas.

Baba dai ya sake turo saƙo, ya ce mu kira shi duk abin da muka ga dama, shi laso zai ci gaba da cewa, kuma a gaya wa yayana ya fara gyara bakin indararonsa.