Yaushe ya wajaba a ba mai ciwon huhu gado a asibiti?

Ɗan Inna: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da shekara 68, kuma likita ya tabbatar tana da ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wanda ya danganta da hayaƙin itacen girki na shekaru masu yawa. Tun da hazon hunturu ya sauko tarinta ya ƙaru, kakin ya koma ruwan ɗorawa, kuma kafin ta isa wurin alwala sai ta dafa bango ta huta. Ita ba ta son a ba ta gado, ni kuwa ina tsoron in biye mata in yi nadama. Ta yaya zan gane cewa jinyar gida ba za ta wadatar ba?

Ma'aikaciyar Jinya: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Inna lafiya. Canjin launin kaki da ƙaruwar haki sun isa dalilin kai ta ga likita yau, ko da ba za a kwantar da ita ba, domin sau da yawa ana ba da maganin shaƙa, da prednisolone (maganin rage kumburin hanyoyin numfashi) na kwana 5, da maganin ƙwayoyin cuta, a sallami mutum. Amma idan tana haki alhali tana zaune, ko ta kasa ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi, ko leɓɓanta suka canza launi, ko ƙafafunta suka fara kumbura, ko na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna iskar oksijin a jini ƙasa da kashi 90 cikin ɗari, to gado ya zama dole. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yawan gyangyaɗi da ruɗewa, domin iyalai sukan ɗauka sauƙi ne ya samu, alhali gurɓatacciyar iska ce take taruwa a jini.

Abu Safiyya: Ɗan'uwa, kada ka maimaita kuskurena. Na yi hayar tukunyar oksijin don mahaifina, na buɗe ta sosai da nufin taimako, sai ya yi nauyin barci har muka kasa tashinsa. A asibiti aka bayyana mini cewa masu wannan ciwo, idan ana ba su oksijin, ana riƙe ma'aunin oksijin ɗinsu tsakanin kashi 88 da 92 ne kawai.

Ɗan Inna: Na gode ƙwarai. Na lura da asuba sai da ta yanke addu'arta sau biyu don ta numfasa, saboda haka yanzu zan lallashe ta mu tafi.