Jirgi da adon dokin Hawan Sallah: ina neman shawararku

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum, 'yan zaure. Ina da gangar jikin ƙaramin samfurin roba na jirgin saman yaƙin Spitfire, ƙirar kamfanin Airfix, mai ma'aunin 1/72 (wato an rage girman jirgin gaske sau 72), wanda fikafikansa suka karye, sai kuma wasu fikafikan samfurin jirgin yaƙin MiG-21 masu siffar alwatika da suka rage mini. Ina so in haɗa su su zama jirgi ɗaya mai ban dariya, in yi masa ado irin na dokin Hawan Sallah, domin yaran gidanmu. Ta ina zan fara?

Kawu daga Daura: Wa alaikumussalam, ɗana. Kafin ka taɓa gam, duba ma'aunin fikafikan tukuna, domin idan na 1/48 ne sun fi na 1/72 girma da ninki ɗaya da rabi, kuma sai ka soka musu waya ta cikin gangar jikin kafin su tsaya. Ni dai na fi son manyan, saboda rashin daidaiton ne zai sa yara dariya, amma mahaɗar tilas ta yi sumul kamar daga masana'anta jirgin ya fito haka. Ka cike gibin da foti, ka bar shi ya kwana, sannan ka bi shi da samfefa mai laushi da ɗan ruwa.

Malamar fasaha: Kawu ya yi gaskiya. Gam ɗin kamfanin Tamiya mai ruwa-ruwa narkar da robar yake yi ya haɗe ta, saboda haka ba ya kama ƙarfe ko zare. Waɗannan sai sufa gulu. Ka yanka jalala daga takardar alawa mai ƙyalli, ka shimfiɗa ta bayan mazaunin matuƙi, ka kuma ɗora kakaki biyu na siririn bututun tagulla a gurbin bindigogi. Fenti kuwa ja da kore na dogarai zai fi dacewa.

Kawu daga Daura: Amma ka kiyayi ƙurar hunturu. Bara na fesa wa wani jirgi fenti a tsakar gida, kafin ya bushe ya yi ƙurzunu kamar bangon laka, sai da na kankare shi duka. Ka kife kwali a kansa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na gode, Kawu, na gode Malama. Na duba kwalin yanzu, na 1/48 ne. Wace irin waya zan nema?

Kawu daga Daura: Sifok ɗin tsohon keke ya isa.