Raquel ta Money Heist: cin amana ta yi, ko tura ce ta kai bango?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Na kammala Money Heist, shirin nan na Sifaniya a kan gungun 'yan fashi, har zango na biyar, kuma na san abin da zan faɗa ba zai yi wa wasunku daɗi ba. Raquel Murillo maciya amana ce, masu shirin ne suka yi mana dabara har muka riƙa tafa mata. Gwamnatin Sifaniya ta ɗauki rayukan mutum 67 da aka yi garkuwa da su a ma'aikatar buga kuɗi ta Madrid ta damƙa a hannunta. Ita ce sufeton da ke magana da ɓarayin ta waya. Da ta gano shugabansu da ake kira Farfesa, ta san inda yake, sai ta yi ta jan ƙafa har suka sulale da yuro miliyan 984. Bayan shekara guda ta bi shi Palawan, can ƙasar Filifin. A zango na uku kuma sai ga ta da sabon suna, Lisbon, irin sunayen birane da ɓarayin ke amfani da su, tana zaune gefen Farfesa tana karanta masa yadda tsofaffin abokan aikinta ke tunani. In wannan ba cin amana ba ne, a faɗa mini mene ne.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Nura, daga tsakiya ka ɗauko labarin. Koma farko ka ga yadda aka riƙe ta. Mijinta na da, Alberto, ɗan sanda ne a sashen binciken kimiyya, kuma dukanta yake yi. Da ta kai ƙara, wa ya yarda da ita a wurin aikin? Cewa aka yi kishi ne ke cin ta, don ya koma neman 'yar'uwarta. Sannan aka kawo mutumin nan cikin binciken da take jagoranta, ana sa ran ta haɗiye. Ka tuna maganar Alison Parker, 'yar jakadan Birtaniya? Farfesa ya ce a zaɓa, ko ya saki ɗalibai takwas ko ya saki ita kaɗai. Kanar Prieto na hukumar leƙen asiri ne ya matsa a zaɓi 'yar jakada. Amma da muryar ta fita a kafafen yaɗa labarai, sunan wa aka yi ta zagi a gari? Nata. Prieto ya noƙe kamar ba ya wurin. Waɗanda kake cewa ta ci amanarsu, su suka fara cin tata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Nura: Anti, ban musa an zalunce ta ba. Amma ba Prieto ta yi wa rantsuwar kama aiki ba, ba kuma Alberto ba. Jama'a ta yi wa. Yaran makarantar nan da aka tsare su kwana da kwanaki da bindiga a ka, me suka yi mata?

Sadiq: Yaya Nura, akwai abin da kake tsallakewa. Ba soyayya kaɗai ta juya ta ba. Ka tuna lokacin da take ɗaure a maɓoyar Farfesa, ya ɗauko takardar kuɗi ya yage a gabanta, yana faɗa mata Babban Bankin Turai ya ƙirƙiri yuro biliyan 171 a 2011 ya zuba wa bankuna, ba wanda ya kira shi ɓarawo? Mu nan muna jin wannan kamar daɗin baki ne kawai, amma ɗan Sifaniya da ya kalli shirin a 2017 ya san zafin. A 2013 rashin aikin yi a ƙasar ya haura kashi 25 cikin 100, na matasa ya wuce rabi. Ana fitar da mutane daga gidajensu saboda bashin banki, alhali a 2012 an ciwo bashin sama da yuro biliyan 40 daga Tarayyar Turai don a ceto bankunan. Tun 15 ga Mayun 2011 matasa suka cika dandalin Puerta del Sol suna zanga-zanga. Raquel 'yar wannan ƙasar ce, ta ga duk wannan da idonta. Kuma kuɗin da suka buga ba daga aljihun kowa suka zaro ba.

Zainab: Sadiq, don Allah a daina wannan maganar ta "ba su cuci kowa ba". Ita ce ta fi ɓata mini rai a duk muhawarar shirin nan. Monica, ɗaya daga cikin waɗanda aka yi garkuwa da su, tana da ciki Berlin mai jagorantar ɓarayin a cikin ginin ya ba Denver umarnin ya kashe ta, sa'a ta ci ya harbe ta a cinya ya ɓoye ta. Ariadna fa? Yarinyar da tsoron mutuwa ya sa ta miƙa kanta ga Berlin, shi kuma yana ɗauka sonsa take. Wannan ba cuta ba ce? Kuɗi takarda ne, na yarda, amma mutanen da aka kulle a ciki ba takarda ba ne.

Ni kuma abin da ya tsaya mini a wuya game da Raquel ba ma gwamnati ba ne. Angel ne, mataimakinta. Mutumin nan shekara da shekaru yana bayanta a wurin aiki. Shi kaɗai hankalinsa bai kwanta da wannan Salva (sunan da Farfesa ya ɓoye kansa da shi) da ya faɗo rayuwarta daga sama ba. Ya bi shi har wurin da yake cewa sana'a yake yi, ya ɗauko abin da zai a gwada zanen yatsa. A daidai lokacin ɓarayin sun riga sun dasa masa na'urar sauraro a tabarau, aka ce shi ne ɗan leƙen asirinsu, ita kuma ta yarda, ta kore shi. Ku tuna daren nan: yana tuƙi a buge, yana kuka, yana ta kiran wayarta ba ta ɗagawa, yana barin saƙo bayan saƙo, har motar ta kife ya shiga doguwar suma. Gaskiyar da ya gano, cewa Salva shi ne Farfesa, a wayar gidan su Raquel ya bar ta, mahaifiyarta ta rubuta a 'yar takarda. Farfesa ya je gidan da niyyar zuba wa tsohuwar nan guba a kofi. Ya fasa, na sani, ya buge kofin daga hannunta. Amma da niyyar ya shiga. Wannan shi ne mutumin da Raquel ta kwashi uwar tata da 'yarta Paula ta kai su gidansa.

Anti Bilki: Zainab ƙanwata, a nan kin taɓo inda ke mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ki ƙarasa labarin Angel ɗin. Da ya farfaɗo, adireshin maɓoyar yana kansa. Wa ya ba? Bai ba Prieto ba, ita ya ba, ya bar mata zaɓi. Mutumin da aka fi cuta a cikinsu bai ɗauke ta maciya amana ba. Mu 'yan kallo mun fi shi sanin zafin abin ne?

Zainab: Anti, sonta yake yi, shi ya sa. Yafiyar mai so ba ta wanke laifi.

Malam Habu: Ku ba ni dama in sa baki, yara. Ina ganin abu biyu kuke cakuɗawa wuri guda, shi ya sa kowa ke da gaskiya kuma ba ku haɗu ba. Akwai Raquel da ta yi shiru, akwai Raquel da ta sa jan kayan ɓarayin. Ba ɗaya ba ne.

Ta farkon na fahimce ta, ko da ban wanke ta ba. Mace ce da ta yi aikinta har ƙarshe. Kada ku manta ita ta gano Farfesa, ba wani ba. Suna zaune a shagon shan kofi ta hango silin gashi ruwan lemo guda ɗaya a jikin kwat ɗinsa, nan take ta haɗa shi da masu shigar barkwanci da suka cika asibitin da Angel ke kwance. Ku dubi fuskar Itziar Ituño, jarumar da ta fito a Raquel, a wurin, yadda murmushi ya mutu a hankali. Ba ta rufa masa asiri ba a lokacin. Bindiga ta ɗora masa, ta kai shi gidan nan na Toledo inda aka tsara fashin ta ɗaure shi tana tuhumarsa. Sai da nata mutanen suka juya mata baya, suka mayar da ita abar zargi, suka fara yi mata barazana da 'yarta, sannan ta ja musu lokaci. A lokacin an kusa gamawa, kutsawa cikin ginin ƙarin gawa kawai zai haifar, ga Oslo da Moscow daga cikin ɓarayin sun riga sun mutu. Wannan shirun yana da fuskar da za a kare shi.

Ta biyun ce ban ga inda marubutan suka biya kuɗinta ba. Kuma dalilin a bayyane yake. Álex Pina, mai ƙirƙirar shirin, ya tsara labarin ne ya ƙare a fashi ɗaya, kashi 15 a tashar Antena 3. Ƙarshensa shi ne ta iske shi a Palawan, shi ke nan, ba a ce ta zama ɓarauniya ba. Da Netflix ta saya ta yanyanka shi zuwa kashi 22 duniya ta ɗauka, sai aka nemi ci gaba, ya fito a Yulin 2019. To ya za a yi da Raquel? Ba za a bar ta a bakin teku tana shan iska ba. Sai aka ba ta sunan birni aka sa ta a mota. Shekarun da ya kamata mu ga tana kokawa da zuciyarta, tsallake su aka yi. Abin da ke damun Nura ke nan, ko da bai faɗe shi haka ba.

Nura: Allah ya ƙara girma Malam, haka ne, amma ni har ta farkon ban sake ta ba. Ta biyun kuwa ba a magana. A ƙarshen zango na uku, a fashi na biyu na Babban Bankin Sifaniya, ɓarayi Tokyo da Rio sun harba roka kan motar sulke, muna kallo 'yan sanda suka fito wuta na cin jikinsu. Waɗannan mutanen da ta yi aiki da irinsu ne, wata ƙila ta sha shayi da wasunsu. Ban ga wuri ɗaya da aka nuna abin ya hana ta barci ba.

Sadiq: Yaya, me ya jawo rokar? Suarez, kwamandan 'yan sanda, ya kama Raquel a rumbun gona, ya harba bindiga a iska don Farfesa ya ji ta waya ya ɗauka an kashe ta. A lokaci guda Alicia Sierra, sufeton da ta gaji Raquel, ta yi amfani da 'yar tsanar ɗan Nairobi, ɗaya daga cikin ɓarayin, ta janyo ta bakin taga, maharbi ya ɗirka mata harsashi. Kafin nan an kama Rio, ba kotu ba lauya, aka fitar da shi ƙasar waje ana gana masa azaba, har binne shi aka yi da rai. Dalilin shiga Babban Bankin Sifaniya ke nan tun farko, zinaren tan 90 garkuwa ce. Hukumar da ke yin haka, wace amana ta rage a riƙe mata?

Malam Habu: Sadiq ɗana, nan ne fa dabarar take. Da marubutan suka ga ba su da hujjar da za ta sa sufeto ta koma fashi, sai suka ƙara baƙanta ɗaya ɓangaren. A fashin farko 'yan sanda mutane ne masu kuskure, har Arturo, shugaban ma'aikatar da ke cikin waɗanda aka tsare, suka harba bisa kuskure da umarnin Raquel ɗin kanta, abin ya dame ta. A na biyu kuwa an kawo Kanar Tamayo da Sierra da Gandia shugaban masu tsaron bankin, waɗanda ba ka da zaɓi sai ka tsane su. Ba ita aka ɗaga ba, su aka dulmiyar. Kuma ko da hukuma ta lalace, tsakanin zama a cikinta da ɗaukar bindiga a tsare ma'aikatan banki akwai hanyoyi. Tana iya ajiye aiki. Tana iya tsayawa gaban 'yan jarida ta tona asiri, kamar yadda Sierra ta yi a zango na huɗu da aka so a ɗora mata laifin Rio ita kaɗai.

Hauwa: Ina bin ku tun ɗazu. Tambayata ga Yaya Nura: me ya sa Raquel kaɗai? Antoñanzas yana cikin tantin 'yan sanda sanye da kaki yana kai wa Farfesa rahoto, kuma da kuɗi aka fara sayensa. Sierra da ta azabtar da Rio, ta sa aka harbi Nairobi, daga Farfesa ya karɓi haihuwarta sai ta dawo tasu, har ita ta nemo musu zinaren da aka sace. Ban taɓa jin an buɗe muhawara a kansu ba. Sai macen da ta so wani ce ake kira maciya amana.

Nura: Hauwa, juyawar Sierra ta fi ta Raquel rashin kan gado, wannan na ba ki. Amma Sierra ban taɓa yarda da ita ba balle ta ba ni kunya. Antoñanzas kuma ƙaramin ma'aikaci ne, ba a damƙa masa ran kowa ba. Raquel ce na ɗauka tawa. Zango biyu ina tare da ita, ina so ta kama su duk da ina son su tsira. Ita kaɗai ce a tantin nan ke tuna cewa akwai mutane a cikin ginin. Shi ya sa nata ya fi zafi.

Anti Bilki: To ai ka faɗi da bakinka, kana so su tsira. Kai da kake kan kujera a ɗakinka zuciyarka ta rabu biyu, ita da ke tsakiyar wutar kake so tata ta tsaya wuri ɗaya?

Zainab: Anti, Yaya Nura bai yi rantsuwa ba, kuma ba shi da 'ya a hannu. Ku koma zango na huɗu, inda Sierra ta zaunar da ita a tanti tana faɗa mata an gano inda Paula da tsohuwa suke a Filifin. Yarinya ƙarama da kaka mai ciwon mantuwa, an bar su a wata ƙasa da mai aiki, uwar tana nan tana fashin banki. Da aka kuɓutar da ita daga hannun hukuma kuma, ba wurinsu ta nufa ba. Jirgi mai saukar ungulu ta hau ta sauka a kan rufin bankin, ta shiga inda ba ta da tabbacin fitowa da rai. Ku bar gwamnati, ku bar Angel. A cikinku wa zai tsaya ya kare wannan a gaban Paula?