Farar fir: yadda ake gane ta da yadda ake renon ta

A wata tattaunawa da masu renon itatuwa suka yi kan bishiyar farar fir, wadda a kimiyyance ake kira Abies concolor, ta tsaunukan yammacin Amurka irin su Siyera Nabada da Roki, an fi daɗewa a kan ganyenta. Siriri ne kamar allura, tsawonsa yakan kai santimita 6, launinsa kore mai shuɗi-shuɗi gaba da baya, kuma yana lanƙwasawa sama. Suka ce ka murza shi a yatsa: a baje yake, ba ya mirginawa, ba ya suka, sai ƙamshin lemo ya bugi hancinka. Wannan gwajin ya fi gamsar da ni. 'Ya'yanta a tsaye suke kan rassan sama, a can suke wargajewa, don haka da wuya ka tsinci cikakke a ƙasa. Ɓawon ƙaramar bishiya sumul yake, da ƙurajen ƙaro.

Batun shuka kuwa, bakinsu ya zo ɗaya: ba ta son laka mai riƙe ruwa. A ajiye irin cikin danshi da sanyi kamar wata guda kafin a shuka. Tana jure inuwa tun tana ƙarama, amma girmanta a hankali ne a shekarun farko, sai an yi haƙuri.